Ɗaukar hoton tsoffin kwandaloli: tambayoyi da amsoshi kan fitila, kyamara da lensi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin masu tara tsoffin kuɗi, kwabo mai huji, anini, ɗari, taro, sisi, sule, dalar azurfa da sauransu. Na jera su daga na farko-farko zuwa masu ɗan zurfi. In kana sauri ka tsallaka zuwa na fitila, don can ne aikin yake, kyamara bata kai yadda ake zuzuta ta ba a wannan harkar.

Me yasa kwandala take kyau a hannuna amma a hoto sai ta fito wani iri?

Saboda a hannu kana jujjuya ta ne baka sani ba. Ka ɗan karkata nan rubutu ya fito, ka karkata can ƙyalli ya zagaya, idonka ya haɗa duka ya baka abu ɗaya. Kyamara kuwa kusurwa ɗaya tak take kamawa, kuma ƙarfe bashi da launin da zai nuna sai abin da haske ya bashi. Zanen da ke kan kwandala ma bai kai tudun milimita ɗaya ba, inuwa ce kaɗai take fito da shi. Ka lura da zanen bangon gidajen gargajiya na Zariya ko Damagaram, da la'asar in rana ta karkata kowane lanƙwasa zaka ganshi raɗau, amma lokacin da haske ya daki bangon gaba da gaba sai ya zama shafaffe. To haka kwandala take. Duk sauran amsoshin nan kusan bayanin wannan ne.

Wayata zata iya, ko dole sai na sayi babbar kyamara?

Zata iya wallahi, musamman in hoton na turawa abokai ne ko na ajiye lissafin abin da ka tara. Amma kar ka kusanto da wayar har ta kusa taɓa kwandalar, nan ne kowa yake ɓata aiki, don wayar da kanta zata tare haske ta yi inuwa, kuma da'irar zata ɗan kumbura a tsakiya. Ka ja baya kamar santimita 15 zuwa 20, ka sa zum na 2x ko 3x in wayar tana da idon nesa na gaske, ba wanda yake faɗaɗa hoto kawai ba. Ka kwantar da wayar a kan littattafai ko gwangwani yadda idon zai leƙo ƙasa, ka danna kan kwandalar ka riƙe har fokos ya kulle, ka ɗan ja hasken ƙasa, sai ka sa taima na daƙiƙa biyu ko uku ka cire hannunka.

Yanayin makro, wato na ɗaukar abu kusa-kusa, da wasu wayoyi suke shiga da kansu in ka matso, mafi yawa idon faɗi suke amfani da shi, shi yasa sai an manna waya a jikin abu. In da hali a kashe shi. Ƙaramin lensin nan mai matsewa da ake samu a kasuwar waya kamar Farm Centre a Kano yana da amfani wajen ganin ƙananan haruffa, amma bazai ɗauki kwabo gaba ɗaya ba, gefe-gefen zai yi dishi.

To in zan sayi kyamara, wacce zan nema?

Duk wadda ake cire mata lensi a sa wani, ko ta hannu ce. Canon 600D da ta fito 2011 mai megafiksel 18, ko Nikon D3200 ta 2012 mai 24, sun ishe ka har su yi yawa. Lissafin mai sauƙi ne, megafiksel 24 yana nufin 6000 a tsawo 4000 a faɗi, in kwandala ta cika hoton ka samu ɗigo kusan 4000 daga wannan gefe zuwa wancan, wa zai nemi fiye da haka? Kwandala bata gudu, bata motsi, don haka saurin fokos da ɗaukar hoto goma a daƙiƙa da ake tsawwala kuɗi a kansu duk basu shafe ka ba. Abin da zaka duba shine tana nuna hoto kai tsaye a allon baya kuma kana iya faɗaɗa shi ka saita fokos da hannu. In ana iya jona ta da kwamfuta ta waya to madalla, Canon suna da manhajar EOS Utility kyauta, kana zaune kana ganin kwandalar a babban allo kana matsa fitila. Kuɗin da ka rage a nan ka kai shi wajen lensi.

Wane lensi ne na wannan aikin?

Lensin makro, mai tsawon milimita 90 zuwa 105. Tamron 90, Canon 100, Nikon 105, Sigma 105, duk f/2.8 ne kuma duk suna da kaifi, kar wani ya ruɗe ka da gardamar wanne ya fi. Dalilin da yasa ake son dogon ba kaifi bane, tazara ce. Mai 100 ko a kusancinsa na ƙarshe yana bar maka wajen santimita 13 zuwa 15 tsakanin bakinsa da kwandala, in kuma babbar kwandala ce ka ƙara ja baya sosai, wannan filin shine inda fitilunka zasu shiga su tsaya a sama. Mai 40 ko 60 yana da arha amma zai sauko ya zauna a kan kwandalar, fitila ta rasa ta inda zata leƙo sai ta gefe (duba tambayar inda ake ajiye fitila zaka ga me yasa wannan matsala ce).

Zaka ji ana cewa 1:1, ma'anarsa girman abu a zahiri shine girmansa a kan sansar kyamara, farantin da yake kama hoto a cikinta. Sansar irin su D3200 kusan milimita 23 da rabi ce a 15 da rabi, babbar kuma 36 a 24. Kwabo mai huji ya kai wajen milimita 31, dalar azurfa ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wajen 40, kaga ko a babbar sansa basa shiga a 1:1. Wato yawancin hotunanka ba a can ƙarshen zaka ɗauke su ba, sai in anini ne ko kana bin wani ƙaramin harafi.

Bani da kuɗin makro yanzu, akwai dabara?

Akwai zobban ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, babu gilashi a cikinsu, nesanta lensin kawai suke daga sansa sai ya iya gani kusa. Da su da lensi mai 50 zaka yi aiki mai kyau. Ka nemi masu ƙananan ƙarafan lantarki a jiki, in ba haka ba a lensin zamani bazaka iya rage ƙofar haske ba. Tsohon lensin makro na zamanin fim wanda ake juyawa da hannu ma yana yi in ka samu adaftarsa, tunda dama da hannu zaka saita fokos.

Zan iya riƙe kyamarar a hannu? Hannuna baya rawa.

Yana rawa malam, kai ne baka gani, a kusa-kusa bugun zuciyarka ma yana fitowa a hoto. Abin da ya fi shine teburin kwafi, wato katako a ƙasa da sanda a tsaye wadda kyamara take hawa tana sauka fuskarta na kallon ƙasa. In babu, mai ƙafa uku wanda sandar tsakiyarsa take juyewa ƙasa zai yi, sai dai ƙafafun suna shiga hanyar fitila. Mai walda ma zai iya haɗa maka, faranti mai nauyi, bututu a tsaye, da noti mai kwata inci wanda shine yake shiga gindin kusan kowace kyamara.

Abin da mutane suke mantawa shine dole kyamara da kwandala su fuskanci juna daidai. In akwai ɗan karkata sai kaga saman kambi ya fito tas amma shekarar da ke ƙasa ta yi dishi. Ka ajiye ƙaramin madubi a daidai inda kwandalar zata zauna, ka duba allo, ka dinga gyara kyamarar har sai kaga idon lensin yana kallonka daga tsakiyar hoton cif. Shikenan, ɗauke madubi ka ajiye kwandala.

Wace irin fitila zan saya?

Ƙananan fitilun LED masu dogon wuya da ake lanƙwasawa, irin na karatu, guda biyu ko uku, kuma iri ɗaya daga kwali ɗaya in da hali. Masu wannan harka a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da wata 'yar fitilar IKEA mai suna Jansjö, ba don tsada ba, don kanta ƙarami ne tana iya matsowa jikin lensi. Duk mai irin wannan siffar zata yi. Ni na fi son masu jona USB, ka sa su a fawa bank, nepa ta kawo ko ta ɗauke ba ruwanka, kuma hasken baya rawa.

Lambobi biyu zaka duba a jikin kwali. Na farko mai K a ƙarshe, 2700K ja-ja ne irin na tsohon ƙwai, 5000K zuwa 5500K ya yi kusa da hasken rana, 6500K yana ɗaukar shuɗi. Kowanne ana iya aiki da shi in ka daidaita fari, wato ka saita kyamara yadda fari zai fito fari, matsalar ita ce haɗa biyu daban. Na biyu CRI, shine yake nuna yadda fitilar take fito da launi na gaskiya, ka nemi 90 zuwa sama. Wannan ya fi damun mai ɗaukar tagulla da jan ƙarfe, don fitila mai araha ja ne yake fara ɓace mata, sai kaga kobo ɗaya na 1973 mai zanen rijiyoyin mai ya fito kamar an shafa masa laka alhali a hannu jajir yake.

Fitila nawa, kuma a ina zan ajiye su?

Ka fara da biyu. Ka ɗauka kwandalar fuskar agogo ce, ɗaya a ƙarfe goma ɗaya a ƙarfe biyu, a sama can kusa da jikin lensi suna kallon ƙasa, ba a kwance a kan tebur ba. Wannan shine mafari, daga nan sai wasa. In fitila tana sama, filin kwandalar zai yi haske, launi ya fito, ƙyalli ya fito. In ka sauko da ita ƙasa tana shafar kwandalar ta gefe, fili zai yi duhu, gefen haruffa su yi fari, kuma duk wani ƙarce da ƙura da ramin da ke jiki sai ya tashi tsaye. Don haka mai sabuwar kwandala yana son sama, mai wadda ta sha hannu har rubutun ya kusa shafewa yana son ƙasa don a iya karanta shekara.

In akwai kan mutum, kamar Sarki Joji a sulen Afirka ta Yamma mai bishiyar kwakwa, ko Herbert Macaulay a naira ɗaya, ka sa hasken da ya fi ƙarfi ya fito daga sama ta gaban fuskar. Haske daga ƙasan haɓa yana mayar da mutum abin tsoro, kuma wani lokacin ido sai ya ga zanen kamar ya lotsa ciki maimakon ya taso. In kana son ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi ba sai ka sayi mai rage haske ba, ja da ita baya kawai, in ka ninka tazara hasken zai koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da nake gaya wa kowa, ka kashe fitilar ɗaki, ka kunna guda ɗaya tak, ka riƙe ta a hannu kana zagayawa da ita a hankali idonka na kan allo. Zaka ga wajen da idon sarki ya buɗe, wajen da gashin ya rabu sili-sili, wajen da kunci ya ƙone ya zama fari fat. Inda ya yi maka ka tsayar da ita, sannan ka kawo ta biyu ta cike inuwar. Ta uku a ƙarfe goma sha biyu sai in babbar kwandala ce saman ya yi duhu. Kar kuma ka ce ka samu saiti ɗaya na har abada, gaba da bayan kwandala ɗaya ma sau da yawa sai an matsa fitila.

Fitilar zobe irin ta masu TikTok fa, ko filashin kyamara?

Filashin kan kyamara ko na waya a manta da shi, farin tabo zai yi a tsakiya sauran ya yi baƙi. Fitilar zobe kuwa tana zuba haske ta kowane ɓangare daidai wa daida, to ina inuwa zata fito? Komai zai bayyana amma a mace, ƙyallin ma ya tafi. Tana da amfani in hoton na lissafi ne kawai. In ita kaɗai gareka, rufe rabinta ko fiye da baƙin kwali, zaka ga bambanci nan take.

Hasken yana ƙona wasu wurare, yaya zan tausasa shi?

Ka sa farin tishu ko takardar kwafin zane mai shara-shara a gaban fitilar, falle ɗaya tukuna. Wasu suna huda ƙwallon tebur su sa a kan fitilar, yana yi sosai. LED ƙarama bata zafi amma kar ka gwada wannan da tsohon ƙwai mai zafi. Sai dai a kula, tausasawa tana da iyaka. Ƙyallin sabuwar kwandala, wannan hasken da yake zagayawa in ka juya ta, yana fitowa ne daga wasu siraran layuka da suka samu lokacin da inji ya buga ƙarfen, kuma ƙaramin haske mai kaifi ne yake nuna shi. In ka lulluɓe komai a cikin farin akwatin nan na ɗaukar hoton kaya, kwandalar da bata taɓa shiga kasuwa ba zata fito kamar wadda aka wanke, mai saye kuma ya rage maka kuɗi.

Azurfa tana fitowa rawaya, wani lokacin shuɗiya. Me ya jawo?

Daidaita fari ne, kyamara tana canka da kanta kuma ƙarfe yana rikita ta. Ka samu kati mai ruwan toka na masu hoto, wanda ake kira na kashi 18, ko a ƙalla farar takarda marar sheƙi, ka ajiye a wajen kwandalar ƙarƙashin fitilun nan dai, ka ɗauka ka ce wa kyamara wannan shine ma'auni. In ka canza fitila ko ka ƙara tishu ka sake. In gefe ɗaya rawaya ɗaya shuɗi, to haske biyu ne suka haɗu, ko taga a buɗe take ko ƙwan silin yana kunne. Rigarka ma tana shiga, jar riga kusa da sulen azurfa na 1913 zaka ganta a jikinsa.

Wane saiti zan sa a kyamara?

ISO 100, ƙofar haske f/8, sai ka bar saurin shota ya zama duk abin da ya kama tunda kyamara a kafe take, ko rabin daƙiƙa ne ba komai. Fokos da hannu, ka faɗaɗa allo ka saita a kan haruffa ko idon mutum. Taima ko rimot. In lensin yana da abin hana rawa ka kashe shi.

Kar ka ce bari in kai f/22 don komai ya fito, hoton gaba ɗaya zai yi laushi saboda haske yana watsewa in ƙofa ta ƙanƙance da yawa, kuma a 1:1 dama f/8 ɗinka tana aiki ne kamar f/16. Tsakanin f/5.6 da f/11 ka tsaya. Zurfin abin da yake fitowa da kaifi a 1:1 bai kai milimita ɗaya ba, shi yasa maganar madubi da na yi a tambayar riƙe kyamara ba wasa bace. In kyamarar tana RAW, wato ɗanyen fayil da bata sarrafa ba, ka ɗauka da shi, gyaran fari daga baya zai zo da sauƙi.

Ina ganin wasu layuka masu duhu a kwance a hoton, ko wannan hoton ya fi wancan haske alhali ban taɓa komai ba.

Fitilarka ce take ƙiftawa. Wutar Najeriya da Nijar da Gana duk mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, fitila mai araha tana ƙiftawa sau 100, ido baya gani amma shota mai sauri tana kamawa. Ka sa shota a 1/50 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka jinkiri. A janareto abin ya fi muni don shi baya tsayawa a 50 ɗin. Fitilar batir tana magance shi, sai dai wasu in ka rage musu haske su ma suna ƙiftawa, ka bar su a ƙarshen ƙarfinsu ka ja su baya.

Menene maganar gilashi a karkace da nake ji?

Dabara ce ta sa haske ya sauko daga daidai inda lensi yake kallo, abin da fitila bazata iya ba don kyamara ta tare wajen. Ka samu siririn gilashi irin na firam ɗin hoto, ka goge shi tas, ka kafa shi a karkace digiri 45 tsakanin lensi da kwandala. Fitila tana gefe a kwance tana haska gilashin, gilashin ya tura wani kaso ƙasa kan kwandala, kwandala ta mayar da shi sama ya ratsa gilashin ya shiga lensi. A ɗaya gefen, bayan gilashin, ka kafa baƙin kwali ko baƙin yadi ya shanye hasken da ya wuce, in ba haka ba duk abin da ke wajen zai bayyana a hoton kamar hazo. Sannan ka sa wani ɗan kwali ya kare kwandalar kar fitilar ta same ta kai tsaye.

Sakamakon shine fili ya yi haske fes, gefen zane ya yi duhu kamar an bi shi da alƙalami. Yana da kyau ga kwandala mai fuskar madubi da wadda ta yi launin tsufa mai kala-kala, da kuma tagulla mai duhu. Amma wajen ɗaya cikin goma na hasken ne kawai yake sauka, don haka shota zata daɗe, gilashi mai kauri kuma yana ninka hoto biyu. Kuma yana ɓoye ƙananan ƙarce, wannan ka riƙe shi in ka zo tambayar gyaran hoto. Ni bana farawa da shi, sai fitila biyu sun gaza.

Wace shimfiɗa zan sa a ƙasa, kuma yaya zan yi da hujin kwabo?

Baƙi ko ruwan toka marar sheƙi. Fari yana ruɗar kyamara ta duhunta kwandalar, jan karammiski kuma yana rina gefenta. Ka ɗaga kwandalar sama kaɗan a kan wani abu da bai kai faɗinta ba, murfin roba misali, sai shimfiɗar ta yi dishi inuwa ta ɓace. Masu huji kuwa, kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma da kuma kwabo da ɗari na Najeriya na 1959, abin da ka ɗora su a kai ya zama shi ma zobe ne mai rami, ka lulluɓe cikinsa da baƙi, in ba haka ba murfin zai leƙo ta tsakiyar tauraron.

Kwandalar tana cikin rufaffen akwatin roba na masu tantancewa, fitila sai dawowa take.

Irin na kamfanonin tantance kwandala PCGS da NGC kenan, kuma ba a fasa su don hoto. Ka fara goge robar da yadi mai laushi don duk ƙarcen da ke kanta zai fito kamar a jikin kwandalar yake. Sai ka matsar da fitilun waje kaɗan kaɗan har hoton fitilar ya fita daga kan kwandalar ya koma gefe, a bakin nan zaka tsaya. Fokos da hannu dole, don kyamara robar zata kama. Gilashi a karkace baya yi a nan, robar zata mayar da hasken duka. Wadda take cikin 'yar leda ko kwali mai taga kuwa ciro ta kawai.

Yaya zan ɗauki ƙananan haruffa kamar H da KN?

Waɗannan alamun inda aka buga kuɗin ne, H na Heaton a Birmingham, KN na King's Norton, kuma shekara ɗaya da harafi daban tana iya bambanta farashi, shi yasa mai saye zai ce ka nuna masa. A nan ne 1:1 yake aiki, ko makro da zobban ƙarin tsawo a haɗe, da fitila ɗaya a ƙasa-ƙasa. Ƙaramin madubin likita mai jona USB shima yana yi, amma ka kashe fitilun da ke bakinsa ka haska da taka ta gefe. In zurfi ya gaza, ana ɗaukar hotuna da yawa kowanne da fokos a wani mataki sai manhaja kamar Helicon Focus ko Zerene Stacker ta haɗe su, amma don kwandala gaba ɗaya ba kasafai ake buƙata ba.

Dan Allah kuma ganin baƙon abu kar ya sa ka fara lissafin miliyoyi. Kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka kafin shekara ta ƙare, yana da daɗin labari amma an buga shi da yawa.

Gefen kwandala fa, ana ɗauka?

Ana ɗauka, kuma ga dalar Mariya Tereza wajibi ne. Duk wadda aka buga bayan rasuwarta a 1780, wannan shekarar aka ci gaba da rubutawa har yau, don haka shekarar bata gaya maka komai, ga kuma na jabu da aka zuba a ƙira. Ta gaske tana da rubutu mai tudu a gefe, IUSTITIA ET CLEMENTIA, nauyinta giram 28 da ɗigo kaɗan, azurfa kashi 83 cikin ɗari. Ka ciro kwanon nan mai sheƙi na cikin tsohuwar tocila babba, ka kwantar da dalar a ciki a kan ɗan abin ɗagawa, ka ɗauka daga sama, gefen gaba ɗaya zai bayyana a zagaye da ita, rubutun a juye sai ka juya hoton. Ka ƙara da hoto ɗaya tana kan sikeli lambar tana nunawa.

In wanke ta kafin hoto don ta yi kyau?

A'a. Ba toka, ba lemun tsami, ba man goge ƙarfe, ba omo. Wankewa tana cire fatar saman ƙarfen, ta bar siraran layuka da makro zai nuna ɗaya bayan ɗaya, kuma darajar ta faɗi ba dawowa. Ka riƙe ta ta gefe, da safar hannu in sabuwa ce. Ƙura kawai zaka kore da 'yar robar busa iska, ba da baki ba don yawu yana barin tabo. Lokacin hunturu ka busa kafin kowane hoto, kafin ka gama saita fitila wata ta sauka. Da damina kuma lensin ne abin ji, ka ajiye shi a rufaffen mazubi da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi kar ya yi fumfuna.

Gyaran hoto ya halatta? Kuma yaya zan tura kar ya lalace?

Yanke gefe, miƙar da kwandala ta tsaya daidai, gyara fari da haske, haɗa gaba da baya a hoto ɗaya, duk babu laifi, manhajojin GIMP da darktable kyauta ne a kwamfuta, Snapseed a waya. Ma'aunin shine ka riƙe kwandalar kusa da allo, in sun yi kama to ka tsaya. Goge ƙarce, cike rami, ƙara launi, wannan algus ne in sayarwa zaka yi. Zaɓar hasken da ya ɓoye aibi ma ɗan'uwansa ne, in ka yi da gilashi a karkace ka haɗa da wani na fitila biyu, in akwai lotsawa a baki ka ɗauke ta daban ka nuna. Gajeren bidiyo kana karkata ta a hankali ƙarƙashin fitila ɗaya yana kashe gardama da yawa.

Wajen turawa, WhatsApp da Facebook suna matse hoto, ƙananan haruffan da ka sha wahala a kansu su narke. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil ba hoto ba. Ka bar asalin a kwamfuta, ka sa masa suna da ƙasa da shekara da harafi, kuma a cikin hotunan ka sa ɗaya da rula a gefe, don a allo anini da dala girmansu ɗaya.